Daga Garwa zuwa Yiwu: jirgin ƙasan Sin da manhajar da ake shigarsa da ita

Motar ajans ta bar Garwa bayan sallar asuba, muka haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Tafiyar ta saro kaya ce zuwa Guangzhou da Yiwu a ƙasar Sin, amma inda zan fi daɗewa shi ne jirgin ƙasa da manhajar da ake tsara tafiyarsa da ita, don a nan na ga mutanenmu suna asarar kuɗi da yini guda, tun ba a kai ga ciniki ba.

Hanyar Ngaundere kusan kilomita 280 ce: Ngong, Guna, Mbe, sai hawan falez inda manyan motoci ke jan ciki. Shingayen jandarma da 'yan sanda da na duwan suna nan yadda aka san su. Katin shaida ya isa, fasfo ya zauna can ƙasan jaka. Da la'asar sakaliya muna gar ɗin Ngaundere, wato tashar jirgin ƙasa, sanyin Adamawa ya fara sauka.

Jirgin Camrail na dare yana tashi bayan ƙarfe bakwai, ya kwana a hanya, ya isa Yawunde da safe. Layin ya haura kilomita 600, tun 1974 ya iso Ngaundere. Kushet mai gado huɗu sefa 25,000 na biya. Mai gado biyu 28,000 ne a lokacin, kujerar aji na farko 17,000, aji na biyu 10,000. Ngaundal, Belabo, Nanga Eboko: kowace tasha mata na bin taga da zuma a kwalba, da ayaba, da ƙullin rogo a ganye, kana miƙa kuɗi ta taga ana miƙo maka kaya. Wannan tsayawar mai faɗi, wadda mutum zai sauka ya miƙe ƙafa ya yi ciniki ya dawo, a ajiye ta a nan gida. Wanda ya tafi da ita Sin zai tsaya a dandamali yana kallon bayan jirginsa.

A Yawunde na sauka unguwar Briketeri wurin 'yan uwa, kuma a nan ya kamata a gama duk aikin waya. Dalili: Play Store ba ya buɗewa a cikin Sin, haka Google Maps ba ya da amfani a can, ko ya buɗe yakan ɗora ka nesa da inda kake tsaye. Manhaja huɗu na sauke. Ta farko Railway 12306, ta hukumar jiragen ƙasan Sin kanta, wadda duk wani tikiti daga rumbunta yake fitowa. Sinanci da Ingilishi kawai take yi. Ta biyu Trip.com, dillaliya ce: daga 12306 take sayo maka ta ɗora ladanta a kai, amma tana yin Faransanci, wanda ga yawancin mutanen Kamaru da Cadi ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ta uku Alipay don biya. Ta huɗu Amap, taswirar da ke faɗa maka jirgin cikin gari da za ka hau zuwa tasha da mintocin da zai ci.

Rajistar 12306 ba wuya gare ta ba, sai dai ba ta yafe harafi ɗaya. Za ka zaɓi fasfo a matsayin shaidarka, ka sa ƙasa, lambar fasfo, ranar haihuwa, ranar ƙarewar fasfon, da imel. Sunanka ka kwafe shi daga layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, masu alamun kibiya a tsakani, ba yadda ake kiranka a gida ba. In fasfo ya ce Mahamat, kada ka rubuta Muhammad. In ya ce Aboubakar, kada ka gyara shi ya koma Abubakar. Sunan da ke gaba a layin shi ne na dangi, ko da a gida sunanka na yanka ne. A lambar fasfo a kula da sifiri da harafin O, da 1 da harafin I. Daga nan a ɗauki hoton shafin fasfo, da hotonka riƙe da shi, a tura, a jira tantancewa. In hoton ya yi ƙyalli ko yatsa ya rufe wani gefe, sai a dawo maka da shi. Wanda tantancewarsa ta ƙi ta waya, zai iya kai fasfonsa tagar sayar da tikiti a kowace tasha a Sin a tabbatar masa, amma wannan layi ne da kashe rabin yini.

Sai maganar kati. Kafin ka tashi ka je bankinka a buɗe maka katin Visa ko Mastercard don biya a waje da kuma ta intanet, domin da yawa a rufe suke zuwa. Ka ɗaura shi a Alipay tun layinka na Kamaru yana aiki, saboda lambar sirrin da banki zai turo ta saƙo a wannan layin za ta shigo. Kada ka cire wannan sim ɗin ka bar shi a gida. Ka tafi da shi, ka buɗe masa yawon waje, ka kashe masa data, ya zama na karɓar saƙo kawai. Alipay ba ya cire komai a kan katin waje in cinikin bai wuce yuan 200 ba. In ya wuce, kashi 3 cikin 100 ne. Tikitin doguwar tafiya ya wuce, saboda haka a sa wannan a lissafi. Yuan ɗaya a lokacin kusan sefa 80 yake.

Daga Nsimalen zuwa Addis Ababa, daga can awa goma da wani abu zuwa filin jirgin Baiyun. Babu abin faɗa sai dai katin allurar shawara da ya kamata ya kasance tare da fasfo, da kuma agogo: Sin tana gabanmu da awa bakwai, ƙasar duka kuma agogo ɗaya take bi. Lokacin da manhaja ke nunawa na can ne, ko kana zaune a Yawunde kake dubawa. Kwanan wata kuma daga shekara suke farawa, sai wata, sai rana, akasin yadda muka saba a takardun Faransanci.

A filin jirgi na sayi layin ƙasar da fasfo. Yana da sauri da araha, amma WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a kansa, sai WeChat. Masauki a Xiaobei na kama, unguwar da baƙin Afirka suka daɗe da mayarwa tasu, inda za ka ji Hausa da Larabcin Cadi da Fulatanci a bakin titi ɗaya. Ɗaki mai tsabta yuan 200 a kwana. A tabbatar otal ɗin ya ɗauki fasfo ya yi maka rajistar 'yan sanda. Wanda ya sauka gidan wani, shi zai kai kansa ofishinsu cikin awa 24. Abinci ba matsala: shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo, masu ita Musulmi ne da fararen huluna, kwano da naman sa bai kai yuan 20 ba. Juma'a na yi ta a masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da mutanen wurin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Bayan an sallame, titin gaban masallacin kasuwa yake komawa, gurasa da tsire da hayaƙi.

To, neman jirgin Yiwu. Ka buɗe manhaja, ka rubuta garin tashi da garin sauka, ka zaɓi rana. Kwana 15 kafin tafiya ake fara sayarwa. Jeri zai fito, kowane layi da lambar jirgi, lokacin tashi, lokacin isa, awannin hanya, da kujerun da suka rage. Harafin da ke gaban lambar shi ne ke gaya maka irin jirgin. G shi ne mai gudun gaske, kilomita 300 zuwa 350 a awa. D yana bi masa, yawanci 200 zuwa 250. C na tsakanin garuruwa makusanta ne. Z da T da K su ne tsofaffin jirage masu gadaje, masu kwana a hanya irin namu.

Abin da ido ke tsallakewa shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin lokaci, wato sunan tasha. Kai ka rubuta Guangzhou, ita kuma manhajar ta haɗo maka duk tashoshin garin a jeri ɗaya. Akwai tsohuwar tashar da ake kira Guangzhou kawai, tsayawa ɗaya daga Xiaobei a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Akwai Guangzhoudong ta gabas. Akwai Guangzhounan ta kudu, can Panyu, inda yawancin jiragen G masu nisa ke tashi. Akwai kuma Guangzhoubaiyun da aka buɗe a Disambar 2023, aka mayar da yawancin jiragen dare can. Guntayen kalmomin da ke liƙe a ƙarshen suna su ne mabuɗin: nan kudu, bei arewa, dong gabas, xi yamma. Huɗun nan a haddace su, don ko'ina a ƙasar haka tashoshi suke.

A ƙofar tsohuwar tasha na haɗu da wani dattijo daga Kusiri, da akwatuna biyu, yana nuna wa mai gadi wayarsa, mai gadi yana nuna masa kudu da hannu. Na yi masa sallama na karɓi wayar.

"Baba Alhaji, tikitin lafiya lau yake, amma ba tasharku ba ce wannan. Taku tana kudu."

"Yaro, ai Guangzhou aka rubuta. Da can nan muke shiga."

"Haka ne, Baba. Ku duba ƙarshen sunan."

Saura minti 25 jirginsa ya tashi, tsakanin tashoshin biyu kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa kaɗai yana cin kusan minti 40. Ba a yi gudun banza ba. Muka tsaya a inuwa muka shiga wurin canjin tikiti a manhajar, muka mayar da shi jirgin rana. Sau ɗaya ake yarda a canza tikiti, kuma sai in akwai kujera a jirgin da ake so. Wanda ya fasa gaba ɗaya, abin da za a cire masa ya danganta da lokaci: in da sauran kwana 8 ko fiye, ba a cire komai, in ya haura awa 48, kashi 5 cikin 100, tsakanin awa 24 da 48, kashi 10, ƙasa da awa 24, kashi 20. Kuɗin ta hanyar da aka biya suke komawa, katin waje kuma yakan ɗau kwanaki kafin su bayyana. Wannan ma dalili ne na kada a ba wani yaro a otal tsabar kuɗi ya saya maka da asusunsa: ranar da kake son canji, sai ka nemo shi.

Jirgin G kai tsaye daga Guangzhounan zuwa Yiwu awa shida da rabi ne zuwa bakwai, aji na biyu kusa da yuan 700, wato sefa 55,000 ko sama kaɗan. Masu zuwa kai tsayen ba su da yawa a yini, kuma suna saurin cika, musamman lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba, da hutun farkon Oktoba, da sabuwar shekarar Sinawa wadda ba na ba kowa shawarar ya yi tafiya a cikinta. In sun cika, dabara biyu ce. Ko ka nemi Jinhua maimakon Yiwu, don jirage sun fi tsayawa can, daga nan kuma minti 20 ne bai cika ba. Ko ka danna wurin tafiya mai canji, manhajar ta haɗa maka jirage biyu, a Changsha ko Nanchang misali. A nan sai an yi hankali. Za ta iya kawo maka canjin minti 15, kuma a lissafinta daidai ne, ga Basine mai jakar baya da katin da ƙofa ke karantawa cikin daƙiƙa. Kai mai fasfo da akwati, kada ka karɓi ƙasa da minti 40. Ka kuma duba cewa tashar da za ka sauka ita ce wadda za ka tashi, don wani haɗin yana sauke ka a Changshanan ya ce ka tashi daga Changsha, tsakaninsu kuwa tafiya ce ta cikin gari.

Wurin zaɓen kujera, aji na biyu biyar ne a jere, uku da biyu: A, B, C, sai hanya, sai D da F. Babu E. A da F taga, C da D bakin hanya, B tsakiya. Mai yawan tashi alwala ya ɗauki C ko D. Bayan ka zaɓa akwai agogo da ke ƙirga mintocin biya. In suka ƙare kati bai wuce ba, kujerar ta koma kasuwa. Ba a ba da tikitin takarda. Fasfonka shi ne tikitin, wanda ka yi rajista da shi, na ainihi ba hoto ko kwafi ba. Duk da haka na ɗauki hoton allon da ke nuna lambar jirgi, tarago, kujera da sunan tasha da rubutun Sinanci, don shi ake nuna wa direban tasi ko ma'aikaci in baki ya gaza.

Ranar tafiya Amap ta tsara min: layi na 5 daga Xiaobei tsayawa ɗaya, a canza zuwa layi na 2, a zauna har ƙarshensa, nan ne tashar kudu. Kuɗin bai kai yuan 10 ba, da lambar Alipay ake buɗe ƙofa. Lissafin da manhajar jirgi ba ta yi maka shi ne wannan: mintocin hanya, da binciken jaka a jirgin cikin gari, da hawa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa zauren jira a bene, da layin fasfo, da binciken kaya na biyu. Na bar masauki awa biyu kafin tashi, kuma ban ga rarar da ta dame ni ba.

Tashar kudu ta fi filayen jirgin sama da yawa girma. A ƙofar shiga Sinawa na ɗora katinsu ƙofa na buɗewa. Mai fasfo ya nemi layin gefe inda ma'aikaci ke tsaye, ko ƙofar da ke da gilashin karanta fasfo in akwai. Daga nan na'urar haska kaya, kuma a nan ake raba mutanenmu da abin da suke so. Turare kwalba ɗaya ce, kada ta wuce mililita 100. Gabana wata Hajiya 'yar Njamena ta fito da kwalaben humra manya guda uku da ta kawo wa ɗiyarta mai karatu. Ma'aikaciyar ta jujjuya kwalba, ta nemi rubutun awo ba ta gani ba, ta buɗe ta shinshina, ta girgiza kai. Hajiya ta yi Larabci, ta yi Faransanci, ta koma Hausa, ba abin da ya motsa. Aka nuna mata teburin masu aika kaya a gefe, ta biya aka tura mata su ta mota. Abin fesawa mai iska kada gwangwani ya wuce mililita 150. Wuƙa in tsawon kaifinta ya wuce santimita 6 ba ta shiga, saboda haka 'yar wuƙar yanka kilishi ta zauna a gida. Batirin cajin waya sai mai rubutun ƙarfinsa a jiki, kada ya haura 100Wh. Kaya kilo 20 ne ga babba, kuma a jirgin G tsawo da faɗi da tsayin akwati in an haɗa kada su wuce santimita 130. Ba kullum ake aunawa ba, amma buhun Ghana-mas-go cike da samfur ba shi da wurin zama a ciki. A ba kamfanin kago.

A zaure, manhajar da babban allo duka suna nuna lambar ƙofarka, da A ko B a jikinta, gwargwadon gefen da taragonka yake. Ba a barin kowa ya sauka dandamali sai kusan minti 15 kafin tashi, ana kuma rufe ƙofar saura 'yan mintoci, ko da jirgin yana tsaye kana hangensa ta gilashi. Roƙo ba ya buɗe ta. Ka tsaya a layin gefe tun kafin a fara kira, don ma'aikaci ɗaya ne ke duba tsofaffi da masu yara da masu fasfo.

A dandamali akwai lambobin tarago a ƙasa, launi-launi: rawaya, shuɗi, kore da sauransu. Allon sama zai faɗi launin da za a bi wa jirginka, domin lamba 5 ta rawaya da lamba 5 ta shuɗi ba wuri ɗaya suke ba. Wannan yana da muhimmanci saboda wasu dogayen jiragen guda biyu ne masu tarago takwas-takwas aka haɗa baki da baki, babu hanya tsakanin tarago na 8 da na 9. Wanda ya shiga rabin da ba nasa ba, a tsaye zai jira tasha ta gaba ya fita ya ruga.

Minti bai gota ba muka tashi. Shaoguan, sai ramukan duwatsu ɗaya bayan ɗaya har kunne na toshewa, sai Hengyang da gonakin shinkafa, daga yankin Changsha muka karkata gabas ta Nanchang da Shangrao. Allon saman ƙofa yana nuna gudu ya haura 300, shayin da ke kan teburin gabana ko rawa bai yi ba. Nisan da muka ci kafin azahar ya fi na Ngaundere zuwa Yawunde da muke kwana a kai. Akwai wurin caji a ƙarƙashin kujera, akwai famfon tafasasshen ruwa a ƙarshen kowane tarago, kyauta. Wanda ya zo da kofinsa da ganyen shayi da sukari ya huta. Abincin da ake turowa a keke yuan 40 zuwa sama ne, kuma ba ka da tabbacin abin da ke ciki, saboda haka na shigo da gurasar Uygur da dafaffen ƙwai da dabino daga Xiaobei. Sigari haramun ne ko a bayi: na'ura na ji, jirgi ya rage gudu, tara ta biyo baya har da hana mutum hawa na watanni. Tsayawa a tashoshin hanya minti biyu ne ko uku. Mashaya na fita su ja biyu su jefar su dawo. Baƙo kada ya gwada.

Salla na yi ta ƙasaru da jam'i. Bayin ƙarami ne, wankin ƙafa a ciki wahala ne da jiƙa wa mutane wuri, gara a yi alwala a tasha a sa safa. Akwai ɗan fili tsakanin tarago kusa da ƙofar da ba a buɗewa, amma masu aiki na yawan wucewa, da yawa a kujera suke yi.

Maƙwabcina ɗalibi ne ɗan Marwa da ke karatun injiniya a Jinhua, yana kuma yi wa 'yan kasuwa tafinta a lokacin hutu. Shi ya nuna min amfanin taɓa lambar jirgi a manhajar: jerin tashoshin hanya duka zai fito, da lokacin isa kowace da mintocin tsayawa. "Kawu, ku sa ƙararrawa minti goma kafin Yiwu," ya ce, "ku sauko da akwati ku tsaya bakin ƙofa. Jirgin Shanghai za shi, ba zai jira ku nemi takalmi ba." Ana sanarwa da Sinanci da Ingilishi, amma sunayen a bakinsu ba su yi kama da yadda muke karanta su ba, agogon ya fi kunne amfani. Wurin fita ma sai an sake nuna fasfo, kada a cusa shi cikin akwati.

Tashar Yiwu tana wajen gari. Na kira mota ta DiDi da ke cikin Alipay, na bi alamar wurin ɗaukar fasinja, na rabu da masu tare mutane a ƙofa suna kiran farashi. Kasuwar Futian, babbar kasuwar sari ta Yiwu, gunduma-gunduma ce, shaguna sun kai dubu saba'in da ɗoriya: kayan wasan yara da furanni da sarƙoƙi a ta ɗaya, makullai da jakunkuna da kayan wuta a ta biyu, kayan makaranta da kwalliya a ta uku, safa da gyale da kayan gida a ta huɗu. Wajen biyar na yamma ake rufewa, saboda haka jirgin da zai kawo ka da la'asar ya cinye maka yinin. Da dare unguwar Binwang ce wurin cin abinci, gidajen Larabawa da Turkawa a jere.

Wannan lissafin yinin ne ya sa na dawo da jirgin dare. A manhajar na tace jerin ya bar min masu gado kawai. Suna cin daga awa 13 zuwa sama, gwargwadon jirgin, kuma akwai alamar +1 kusa da lokacin isa, ma'ana washegari. Gado mai tauri shida ne a ɗaki marar ƙofa, hawa uku. Gado mai laushi huɗu ne da ƙofa, kusan irin kushet ɗinmu. Mai taurin yuan 300 da ɗoriya na biya, ƙasa da rabin kuɗin G, ga kuɗin otal na dare ɗaya ya tsira. Na ƙasa ya fi tsada kaɗan kuma shi ya dace da dattijo ko mai jiki, domin na saman tsani ne siriri, kuma ba a iya zama a miƙe a kansa. Ana kashe fitila wajen goma na dare. Ma'aikaciyar taragon tana da jerin masu sauka, takan zo ta taɓa ƙafar gadonka kafin tasharka.

Jirgin a Guangzhoubaiyun ya sauke mu, kuma sunan na yaudara: tashar jirgin ƙasa ta Baiyun daban, filin jirgin sama na Baiyun daban, tsakaninsu tafiya ce mai tsawo zuwa arewa. Wani ɗan Garwa da muka taho tare ya so ya haɗa saukarsa da tashin jirginsa na Addis a tsakanin awa uku, na ce masa ya bari. Tsofaffin jiragen nan sukan makara, ba kamar G ba, kuma manhajar tana da wurin duba jinkiri amma sai jirgin ya kusa take faɗa. Jirgin Addis da tsakar dare yake tashi, wanda ya iso da safe yana da yini guda na zagaya ofishin kago a Xiaobei ya karɓi takardun kwantenarsa mai zuwa Duwala, ya auna akwatunansa, ya kama layi na 5 tsayawa ɗaya, ya koma layi na 2 zuwa Jiahewanggang, ya canza zuwa layi na 3 har cikin filin jirgi.